Na Gida ko Baƙo? Kujerar Manaja a Ƙungiyoyin Gama-kai na Karaye da Rogo

Ƙungiyar gama-kai ba ta sanin rikicin ma'aikata sai ranar da ta fara ƙarfi. Muddin mutum goma sha biyar ne ke haɗuwa a zaure bayan la'asar suna zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, sakatarensu kuma malamin makaranta ne da ke rubuta musu littafi don Allah, babu mai neman kujerar wani. Amma da zarar ta kama hayar sito, ta buɗe asusu a banki, tirelar taki ta fara sauka a ƙofarta, sai ta buƙaci masu aikin albashi: mai sito, akawu, mai karɓar bashi, daga baya manaja. Ranar da manajan nan ya rasu, ko ya tsufa, ko ya samu aikin da ya fi wannan, tambaya ɗaya ce ke raba kan kwamiti, wato a ɗaga akawun da ya yi shekaru yana riƙe da littafi, ko a ɗauko mai takardar digiri daga waje a ɗora shi a kansa. Matsayina a wannan rubutu shi ne kujerun da aikinsu ya dogara ga sanin mambobi na gida ya fi cancanta da su, bisa sharaɗin horo da jarrabawa. Kujerar da ke duba kuɗi kuwa baƙo ya dace da ita. Kuma dole a rubuta wannan ƙa'ida tun kujerar ba ta zama babu kowa ba.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi Karaye da Rogo a fili yake. Ƙananan hukumomi ne biyu a yammacin Jihar Kano da suka haɗa mazaɓar tarayya guda, kuma tun 2024 su biyun ne ƙasar masarautar Karaye. Ƙidayar 2006 ta ba Karaye mutum sama da 140,000, Rogo sama da 220,000, kuma mafi yawansu da fartanya suke ci. Ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, ga ta Kusalla, ga fadamu; ga masara da dawa da waken soya a tudu, ga rake da kayan lambu inda ƙasa ke riƙe danshi. Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, don haka amfanin gonarta kasuwanni da dama yake shiga. Manomin da ke da kadada ɗaya ko biyu a Zarewa ko Kafin Dabga ba ya iya sayen taki a farashin sari shi kaɗai, banki ba ya sauraronsa shi kaɗai, kuma idan kaka ta yi dillali ne ke yanka masa farashi. Gama kai ne mafitarsa, kuma ƙungiyar da ya shiga ba za ta fi ƙarfin mutanen da ke riƙe mata da littafi da makullin sito ba.

Sai an waiwayi tarihi ake gane me ya sa ƙungiyoyinmu suka tashi babu matakan ƙarin girma. Gama-kai irin na rijista ba daga ƙasa ya tsiro ba, ko da yake gayya da adashe sun daɗe a ƙasar Hausa. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta gayyato C. F. Strickland, wanda ya yi aikin gama-kai a Indiya, ya rubuta rahotonsa a 1934, aka yi doka a 1935 bisa tsarin Indiya, wadda ta ɗora komai a hannun jami'in rijista na gwamnati. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, jihohin da aka ƙirƙiro daga baya suka gada. A wancan tsari, ƙwararre shi ne jami'in gwamnati mai zagayawa yana duba littafi, sakataren ƙungiya kuwa ɗan aike ne kawai. A zamanin gyaɗa da auduga, lokacin da manyan ƙungiyoyi ke saye wa hukumar sayen amfanin gona kaya da lasisi, an samu ma'aikata na dindindin, masu awo da akawuna da masu sito. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Abin da ya biyo baya, yawanci ƙungiyoyi ne da shirye-shiryen gwamnati suka haifa: na Fadama tun daga farkon shekarun 1990, na rancen manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, wanda ya shardanta wa manoma haɗuwa rukuni-rukuni. Ƙungiyar da aka kafa don a karɓi rabo ba ta tunanin inda akawunta zai kasance nan da shekara goma. Kaɗan daga cikinsu da suka rayu bayan shirin ya wuce, su ne yanzu suka iso gaɓar da magabatansu ba su yi mata tanadi ba.

Doka ma ba ta cike wannan giɓi ba. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta tarayya ta 1993 ta yi bayani a kan rijista, ta ce mutum goma sun isa kafa ƙungiya, ta wajabta binciken littattafai, ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na riba a asusun ajiya, ta kuma miƙa saɓanin da ya shafi harkar ƙungiya ga daraktan gama-kai. Yadda za a ɗauki ma'aikaci ko a ƙara masa girma kuwa an bar wa kowace ƙungiya ta tsara a dokokinta na cikin gida, kuma mafi yawan waɗannan dokoki kwafi ne na samfurin da ofis ke bayarwa, babu wanda ya zauna ya ƙara musu komai. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, amma akawu nawa ne a ƙauye ke da wannan takarda? Tun gyaran tsarin mulki na 2010, rikicin aiki na kotun ma'aikata ne, kuma tana da reshe a Kano, sai dai kotunan Najeriya sun daɗe a kan cewa ƙarin girma ba haƙƙi ba ne da ake tilastawa, sai in akwai rubutaccen sharaɗin da aka karya. Wanda aka tsallake bayan shekara goma sha biyu na aiki, in ya je kotu, ba shi da abin nunawa. Shi ya sa irin wannan rikici ba ya ƙarewa a gaban alƙali. A cikin ƙungiyar yake ruɓewa: ɓangare ya daina zuwa taro, wasu su janye ajiyarsu, wasu su je su yi rijistar sabuwa da wani suna.

To, me akawun gida ya sani da baƙo bai sani ba? A dubi aikinsa a kusa. Da safe yana zaune a ƙofar sito a kan benci, littafin shiga da fita a cinyarsa, buhunan taki masu kilo 50 jere a bayansa, kamfa gefe guda, mai gishiri gefe guda. Mutum uku sun zo neman bashin buhu bibbiyu. Na farko manomin masara ne, wanda zai biya a watan Oktoba ko Nuwamba idan ya sussuka. Na biyu mai rake ne, wanda kuɗinsa ba sa zuwa sai an sare gonar bayan kusan shekara, don haka in aka matsa masa a lokacin da ake matsa wa mai masara, dole ya sayar da gonar tun tana tsaye a wulaƙance. Na uku ɗan lambu ne a bakin ruwan Challawa, wanda zai samu kuɗi da rani, in tumatir bai yi kwantai ba. A takarda duka ukun iri ɗaya ne, suna da lambar mamba da hoto da sa hannun mai tsaya musu. Akawun ne ya san cewa gonar na farko ta gado ce da ba a raba ba kuma ana jayayya a kanta, ya san na biyu bai taɓa cin bashi ba tun zamanin mahaifinsa, ya san na uku zai aurar da 'ya bayan salla kuma takin na iya ƙarewa a kasuwa. Ya san wanda za a aika wa takarda da wanda in aka aika masa takarda an yi masa cin fuska, sai dai a bi ta wajen yayansa ko limamin unguwarsu. Banki na karɓar jingina. Ƙungiyar gama-kai ba ta da jinginar da ta wuce wannan sani. Ranar da aka tsallake mai shi har ya yi zuciya ya tafi, to da jarin ƙungiya ya tafi, ko da ba a ga giɓin a littafi ba sai kaka ta zo an shiga karɓar bashi.

Akwai kuma lissafin albashi, wanda masu goyon bayan ɗauko baƙo ba su cika yi ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma dokar fansho ta 2014 ta wajabta zubi ne a kan mai ma'aikata 15 zuwa sama. Ƙungiya mai ma'aikata huɗu ko shida tana wajen duka biyun. Ma'aikacinta yana karɓar abin da kwamiti ya ga dama, ba fansho, ba giratuti, alhali miliyoyin naira na wucewa ta hannunsa duk damina. Abin da ke riƙe irin wannan mutum a kan gaskiya, bayan tsoron Allah da kunyar garinsu, shi ne sa ran cewa in ya yi haƙuri wata rana zai hau. Idan aka nuna masa da shi da na ƙasa da shi cewa duk ranar da babbar kujera ta samu daga waje za a cike ta, an koya musu cewa haƙurin ba shi da lada a nan. Wannan darasi ne mai haɗari a koya wa wanda makullin sito ke aljihunsa.

Hujja ta farko da ake kawowa don sukar ɗaga na gida tana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Ana cewa aikin manaja a yau ba na jiya ba ne. Masu ba da rance da hukumomi irin su hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano (KNARDA) da shirye-shiryen da ke zuwa da kuɗin waje suna son rahoto a kwamfuta, suna son lissafin da aka tsara yadda odita zai karɓa, suna son wanda zai karanta yarjejeniya da Turanci ya gane inda tarko yake. Akawun da ya tsaya a sakandare, kome amanarsa, zai iya sa hannu a abin da zai ja wa mutum ɗari uku asara. Gaskiya ne. Amma abin tambaya shi ne, wa ya bar shi a sakandare shekara goma sha biyu? Cikin ƙa'idoji bakwai da ƙawancen ƙungiyoyin gama-kai na duniya ya amince da su a Manchester a 1995, ta biyar ita ce ilmantarwa da horarwa, kuma ta ambaci ma'aikata ƙarara tare da mambobi da shugabanni. Kwalejin gama-kai ta tarayya tana Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i daga Rogo, tana ba da difloma a wannan fanni. Ƙungiyar da ta yi shekaru tana raba riba ba ta taɓa tura ma'aikacinta kwas ba, sannan ta juyo ta ce ba shi da takarda, to in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma an taɓa gwada akasin haka kusa da mu. A Jamhuriyar Nijar, hukumar rance da gama-kai da aka kafa a 1962 ta fara ne da jami'anta suna gudanar da kasuwannin gyaɗa, daga tsakiyar shekarun 1960 kuma ta koma horar da manoman yankin Damagaram da Maraɗi su zama masu awo da masu riƙe littafi da kansu, da taimakon yaƙi da jahilci a harshen Hausa. Idan manomin wancan zamani ya koyi sikeli da littafi, akawun yau zai koyi kwamfuta. Abin da hujjar takarda ta tabbatar shi ne kada a ɗaga kowa don daɗewa kawai. A gindaya masa kwas, a yi masa jarrabawa, in ya faɗi sau biyu a nemi wani. Ba ta tabbatar da cewa a tsallake shi tun ba a gwada shi ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma a nan ne nake rabuwa da masu cewa komai a bar wa 'yan gida. Sanin da ke sa akawu amfani shi ne kuma ke iya zama cuta. Wanda ya san kowa, kowa ya san shi. Surukinsa na cikin masu bashi, ma'aji abokin tasowarsa ne, shugaba kawunsa ne. Idan manaja da akanta da mai sito duk a ɗaki ɗaya suka girma, babu mai cewa wani ya buɗe littafi. Indiya, wadda muka aro dokarmu daga wajenta, ta ga wannan a 2021, lokacin da badaƙalar bankin gama-kai na Karuvannur a jihar Kerala ta fito fili, inda aka zargi ma'aikata da 'yan kwamiti da fitar da rance da sunayen mutanen da ba su sani ba, masu ajiya suka rasa yadda za su karɓi kuɗinsu. Maganin wannan ba shi ne a kawo baƙon manaja ba, domin baƙon da bai san gari ba, waɗanda suka daɗe ne za su riƙa nuna masa hanya, su nuna masa abin da suke so ya gani. Maganin shi ne a raba aiki. Wanda ke hulɗa da mambobi ya fito daga ciki. Wanda ke daidaita lissafi da banki, yana ƙirga buhu yana gwadawa da littafi, ya zo daga waje, kada ya zama ɗan'uwan kowa a kwamiti, kuma rahotonsa ya tafi ga babban taro kai tsaye ba ta hannun manaja ba. Ƙaramar ƙungiya ba za ta iya biyan akanta ita kaɗai ba, amma biyar ko shida a Karaye da Rogo za su iya haɗa kuɗi su ɗauki guda yana zagayawa, kuma dama dokar ta yarda ƙananan ƙungiyoyi su haɗu su kafa babba.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya a kan abin da ake kira ɗauka daga waje. A baki, ma'anarsa a buɗe ƙofa kowa ya nema, a zaɓi wanda ya fi. A aikace, sau da yawa ma'anarsa wani babba ya aiko da yaronsa, ko shugaba na da ɗa da ya gama hidimar ƙasa yana zaune. Ƙungiyar da taki ko rance ke bi ta cikinta abin kwaɗayi ce ga ɗan siyasa, domin wanda ya riƙe jerin sunayen masu karɓa ya riƙe ƙuri'u. Kerala ta fuskanci wannan har ta kafa hukumar jarrabawa ta musamman wadda ke shirya rubutacciyar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan ƙungiyoyin rance, don kada abin ya tsaya a hannun kwamiti kaɗai. Mu ba mu kai ga hukuma ba, amma abin da ya fi sauƙi yana hannunmu: a manna sanarwa a sakatariyar ƙaramar hukuma da kasuwa da masallacin Juma'a, a ba da wa'adi, a sa jami'in gama-kai na yanki da wakilin wata ƙungiyar cikin masu tantancewa, duk ɗan kwamitin da ɗan'uwansa ke nema ya fita daga ɗakin, a karanta sakamako a gaban mambobi. Wanda ya ƙi wannan tsari alhali yana kiran cancanta, to ba cancanta yake nema ba.

Za a ce matasan Karaye da Rogo da suka yi karatu suna zaune babu aiki, me zai sa a rufe musu ƙofa? Ba a rufe ba. Duk lokacin da aka ɗaga na ciki, kujerarsa ta ƙasa ta buɗe, kuma ita ce ta dace a cike daga waje da jarrabawa. Mai digiri da ya shigo a matsayin akawu ya yi damina uku a ƙofar sito, zai haɗa takarda da sanin mutane, ya zama manajan da babu mai ja da shi.

Akwai masu ganin a raba gardama da kaso, a ce cikin kowace kujera uku biyu na 'yan ciki ɗaya ta waje. Wannan na da kyau a ido, amma tarihin Indiya gargaɗi ne. Tsarin kaso tsakanin waɗanda aka ɗaga da waɗanda aka ɗauka kai tsaye ya haifar musu da shari'o'i na shekaru a kan wa ya riga wa, har sai da alƙalai biyar na Kotun Ƙolinsu suka zauna a 1990 a kan ƙarar injiniyoyin jihar Maharashtra, suka yanke cewa girma a aiki yana farawa ne daga ranar da aka naɗa mutum bisa ƙa'ida. Wannan a ma'aikatar da ke da ɗaruruwan kujeru ke nan. Ƙungiyar da babbar kujerarta ɗaya ce, kuma sai bayan shekara goma take samuwa, kaso ba shi da ma'ana a wurinta. Rigimar za ta koma ce a kan zagayen wa ya zo. Rabo bisa irin aiki ya fi sauƙin fahimta ga mamban da bai yi boko ba, domin yana iya ganin dalilinsa da idonsa: wannan ya san mu, wancan yana duba shi.

Abin da ya rage shi ne lokaci. Ƙa'idar da aka kawo bayan kujera ta zama babu kowa, kowa zai karanta ta da sunan wani a ransa. In ta ce difloma, za a ce don a kori wane aka sa, in ta ce shekara biyar na aiki, za a ce don a shigar da wane ne. Ita wannan ƙa'idar, in aka kawo ta lokacin da manaja ke zaune lafiya a kujerarsa, za ta wuce cikin rabin sa'a. Kuma ba hurumin kwamiti ba ne shi kaɗai, domin gyaran dokokin cikin gida na babban taron mambobi ne, inda mai buhu ɗari da mai buhu biyu kowa ƙuri'arsa ɗaya, sannan a kai wa ofishin gama-kai ya yi rijistar gyaran. Shafi biyu sun isa: sunayen kujeru da matakansu, wace ake hawa daga ciki da sharuɗɗanta, wace ake nema daga waje da yadda za a yi sanarwa, kason ribar da za a ware don horo, da inda wanda aka tsallake zai kai kuka kafin a rantsar da wani. Jami'an gama-kai na jiha za su iya shigar da wannan cikin samfurin dokokin da suke bayarwa, su kuma nemi ganinsa duk lokacin da suka zo binciken shekara. Ƙungiyoyin Karaye da Rogo kuwa suna da tsakanin kaka da saukar ruwan farko, lokacin da aka tattara bashi, aka rufe littafi, kuma tirelar taki ba ta iso ba tukuna, su sa wannan batu cikin abin da za a tattauna a taronsu.